Ba ƙarfi jirginka ya rasa ba

Sani, ka ce ɗan jirginka na wasa mai saukar ungulu, wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, yana tashi kamar an harba kibiya, ya bugi silin, ya faɗo kafin a ƙirga goma, har kana shirin sa masa roba mai kauri. Kar ka soma. Ƙarfin ne ma ya yi masa yawa, shi ya sa yake zubar da shi gaba ɗaya.

Fara da nauyi. Na ɗaga jirgin jiya, gam ɗin da ka lafta a gindin fikafikai ya kusa kai nauyin sandar jikin jirgin. Ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya isa. Masu gasar wannan abu a Amurka da itacen balsa suke yi, saboda ba shi da nauyi. Mu idan babu shi, totuwar karan dawa busasshiya tana yi, muddin ba ta lanƙwashe idan roba ta ja ta.

Sai farfela. Taka gajera ce, tana ta juyi kamar fanka. Ƙara mata tsawo, za ta kama iska da yawa, ta riƙa juyawa a hankali, murɗin robar ya daɗe bai ƙare ba. Karkacewar fiffiken farfela ta zama ta fi yawa a kusa da gindi, ta yi ta raguwa zuwa baki. Farfelar sama da ta ƙasa kuma su saɓa wa juna wajen juyi, yadda Bafaranshen nan Alphonse Pénaud ya tsara tun 1870. Irin nasa ne mahaifin su Wright, 'yan'uwan nan masu ƙera jirgin sama, ya kawo wa 'ya'yansa a 1878, ka ga ba wasan banza muke yi ba. Ɗora farfelar a kan allura: ɓangaren da ya rinjaya, goge shi da sanfefa.

Amma robar ita ce aikin. Siririya mai tsawo ta fi ɗaukar murɗi. Kafin ka murɗa, shafa mata man silikon, ko gilisarin da ɗan sabulu, don kada ta ci kanta. Ban da baƙin mai, ban da basilin, ɓata roba suke yi. Kuma daina murɗawa tana jikin jirgi da yatsa ɗaya. Maƙala ta a ƙusa, ka ja ta ninki huɗu na tsawonta, ka yi rabin murɗin a haka, sannan ka ci gaba kana matsowa sannu. Sadaukar da guda ɗaya: murɗa ta kana ƙirgawa har ta tsinke, ka rubuta adadin, daga nan kar ka wuce kashi 80 cikin 100 nasa. Sabuwar roba kuma sai an horar da ita, murɗi kaɗan sau biyu ko uku tukuna.

Wannan zaburar da ke kai ka silin daga murɗin ƙarshe take, inda roba ta yi tauri. In ka gama, warware kaɗan kafin ka saki.

Robar da ka bari a kan taga kuwa, rana ta riga ta gama da ita. Ɗauko sabuwa a cikin gwangwanin can, ka rufe ƙofa saboda iska, ka kashe fanka. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a kowane tashi, ni zan riƙe agogo.