Ga mai tambayar yadda za ta gode wa wanda ya yi musu Sallah

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki. Kin ce maigida ya daɗe ba aiki, ana gab da Sallah wani dattijo na unguwarku ya aiko muku da buhun shinkafa da mai da yadin yara, ya kuma turo kuɗin ɗinki ta MoMo, wato ta waya. Yanzu kina shawarar ko ki ci bashi ki saya masa wani abu, ko ki rubuta sunansa a nan a taya ki godiya, kuma kunya ta hana ki ko bi ta ƙofar gidansa. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya buɗa wa maigida hanya. Shi kuma dattijon Allah ya saka masa da gidan Aljanna.

Bashin nan kada ki ci shi. Mutumin da ya san halin da kuke ciki har ya aiko da shinkafa, ranar da ya gan ki da turare mai tsada ko shadda a leda zai gane inda kuɗin ya fito, kuma ransa ba zai yi daɗi ba, don nauyin da ya so ya sauke muku kin sake jido shi. Gaggawar ramawa ma tana mai da kyauta rance. Annabi (SAW) ya riga ya yanke mana wannan: wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku sami abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har ku ga kun saka. Ke yanzu a kashi na biyu kike, kuma ba abin kunya a ciki.

Mu a Aboabo muke, nan Kumasi, kuma mun taɓa zama inda kike. Maigidana makanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Duk wanda ke Ghana ya san ƙarshen 2022: tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, sidi, kuɗin ƙasar, ya faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su da dala suka fi ƙarfin direbobin trotro, wato motocin haya, suka daina kawo mota sai ta mutu murus. Ana cikin haka inji ya danne masa hannu, ya zauna gida. A haka azumin 2023 ya same mu. Koko da ƙosan da nake yi su ke riƙe gidan, ga shi da azumi cinikin safe ba ya nan. Yara suna ta zancen kayan Sallah, ni kuwa in sun fara sai in tashi in nemi wani aiki a tsakar gida.

A goman ƙarshe, an sauko daga tarawi, wani yaro ya tsaya da aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a ƙofar gidan hayarmu ya ce an ce a kai ɗakin ƙarshe. Buhun shinkafa, galan na mai, tumatirin gwangwani, sai wata baƙar leda. A cikinta yadi ne an yanka kowane yaro daidai tsayinsa, da takalma. Na sa wa autana nasa, ya zauna masa cif. A nan ne hawaye ya zo mini, domin wanda ya sayi takalmin nan sai da ya tsaya ya kalli ƙafar ɗana. Wata Hajiya ce ta aiko, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, muna haɗuwa a makarantar matan aure, gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Ita kanta ba a cikin sauƙi take ba, gobara ta tashi a sabuwar kasuwar a watan Maris na shekarar, ciniki ya tsaya mata. Ta zaɓi dare ne saboda ta san zaman gidan haya, ido ya yi yawa.

Kashegarin Sallah muka je gidanta dukanmu, yara sanye da kayan. Na ɗauki kwanon tuwo da miyar ayoyo, irin wanda dama kowa ke aika wa maƙwabci da Sallah, don haka bai zama biya ba. Maigida ya gaishe ta, ya yi godiya, ta yi ta cewa ba komai, ba komai. Sai na ce mata, "Hajiya, a cikin shinkafar nan muka auna zakkar fidda kai, ta kowa a gidan, muka fitar kafin a tafi idi. Da mun zaci bana mu za a kawo wa." Ta yi shiru, ta jawo autan ta ɗora a cinya tana duba takalmin, ta ce ashe ya yi masa.

Abin da nake so ki ɗauka ke nan. "Mun gode, Allah ya saka" kowa na faɗa, kuma ki faɗe ta, domin ya zo a hadisi cewa wanda ya ce wa mai alheri jazakallahu khairan ya kai matuƙa wajen yabo. Amma ki ƙara masa da abin da kyautar ta yi a gidanku. Ki ce shinkafar ta kai mu har wata kaza. Ki ce yaran sun je idi tare da sa'o'insu ba su ɓuya a ɗaki ba. Mai bayarwa yakan kwana da wasiwasi: ko na rena su, ko abin bai isa ba, ko sun ji kamar na tona musu asiri. Idan ya ji inda kyautarsa ta sauka, hankalinsa ya kwanta, kuma zuciyarsa ta ƙara buɗewa ga wani gidan baɗi.

Maganar rubuta sunansa a nan ko a Facebook, ni dai ban ba ki shawara ba. Wanda ya so a sani, da rana tsaka zai aiko. Alƙur'ani ya ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, amma ɓoye ta a kai wa mabuƙata ya fi alheri (Baƙara, aya ta 271), kuma dattijon nan ɓoyewar ya zaɓa. Kina sa sunan, gobe layi ya kama a ƙofar gidansa, wanda bai samu ba ya koma yana zaginsa. Sannan akwai mutuncin maigidanki: sirrin rashinsa ne za ki shimfiɗa a gaban abokansa da danginki. In zuciyarki ta cika kina so a taya ki, ki rubuta cewa wani bawan Allah ya share muku hawaye, a sa shi a addu'a. Mu nan za mu ce amin, kuma Allah ya san shi.

Sai dai ki san mutuminki, don ba kowa ne haka ba. Mai gidan da muke haya 'yar Asante ce, Kirista. A waccan shekarar ta ɗaga mana ƙafa a kan kuɗin haya ba tare da mun roƙa ba, ta kuma aiko da kaza ranar Sallah. Su al'adarsu, in an yi maka alheri sai ka yi sammako kashegari ka je godiya, in da hali da wani babba a tare da kai. Haka muka yi, muka roƙi wani dattijo na gidan ya raka maigida, aka yi godiyar a gaban 'ya'yanta. Ta ji daɗi ƙwarai, kuma da mun yi mata irin shirun da Hajiya ke so, da ta ɗauka ba mu da tarbiyya. Tun daga lokacin duk naman da ya shigo mana da Babbar Sallah sai na cire nata, da Kirsimeti kuma yara su je su gaishe ta.

Maigida shi ya kamata ya shige gaba a tafiyar nan. Na san yana iya nauyin ƙafa, namiji ba ya son a gan shi a matsayin wanda aka ciyar wa iyali. Kada ki matsa masa da magana mai kama da gori. Ki ce masa kawai yara na son su je yawon Sallah gidan Baba wane, ko zai raka ku. Su ma yaran ki faɗa musu wanda ya yi musu kayan, ki ja musu kunne kada su yi ta yaɗawa a layi, amma su riƙa ambatonsa bayan salla. Nawa har yau in an idar sukan ce Allah ya biya Hajiya, ba sai na tuna musu ba.

Kunyar da ke sa ki sauya hanya ita ce ta fi ba ni tsoro a tambayarki. Ke kin san kunya ce, shi kuwa daga waje butulci zai gani, ko ya zaci kyautar ta ɓata muku rai. Ki ci gaba da bi ta ƙofarsa, ki gaishe shi a ranar da ba ki neman komai. Talaka yana da abin bayarwa da kuɗi ba ya saye: ƙafa da hannu. Da Hajiya ta tashi aurar da 'yarta, a bakin murhunta na kwana, ni ce wankin tukwane, ni ce rabon abinci. Da hannun maigida ya warke ya koma Magazine, motarta ba ta sake zuwa wurin wani ba; takan dage ta biya kuɗin kaya, shi kuma ya ƙi karɓar na aiki, haka suke har yanzu. Duk wannan a hankali ya zo, ba mu tsara shi ba.

Kada ki bari Sallah ta yi nisa, kuma kada ki tura saƙon murya a WhatsApp ki ce kin gama. Ku shirya ranar Juma'ar nan bayan la'asar, yara su sa kayan. In dattijon mai iyali ne, ki fara shiga wurin uwargidansa ki durƙusa ki gaishe ta ki gode mata, don da wuya buhu ya fita daga gida ba da saninta ba, kuma mai yiwuwa ita ce ma ta zaɓi yadin. Maigida ya same shi a zaure ko ƙofar masallaci, in sun gama sai ki fito da yaran su gaishe shi.