Tambaya da Amsa: Sun daina buga katin roba, sun ce in duba waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tsohuwar Kasuwa nan Sakkwato, yadi da shadda nake saidawa. Ina fita waje sayen kaya, in Allah ya hore kuma in yi Umara. Na daɗe ina riƙe da katin roba na wani kamfanin jirgin sama wanda ake tara mini maki a kansa. Da shi nake shiga zauren hutawa a filin jirgi, da shi ake ƙara mini kilo. Bana katin ya ƙare, na jira sabo, shiru. Da yarona ya bincika sai sunka ce sun bar bugawa, yanzu cikin waya yake. Ni kuwa Malam, daga kira sai WhatsApp. Makina ya tafi ke nan? In waya ta mutu a filin jirgi, mi zan nuna?
— Wani Alhaji daga Runjin Sambo

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi ƙara buɗi. Kwantar da hankalinka, makinka na nan. Dama can ba a jikin robar yake ba. Tun 1981 da kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da tsarinsa na AAdvantage, wanda sauran kamfanoni suka yi ta kwaikwayo, a kwamfutar kamfani ake ajiye lissafin, ƙarƙashin lambar da aka ba kowane fasinja. Robar ɗauke take da sunanka da lambar da matsayinka kawai, wato darajar da yawan tafiyarka ya ba ka a wurin kamfanin. Haka abin yake ga ShebaMiles na Ethiopian, da Skywards na Emirates, da AlFursan na Saudia, da Miles&Smiles na Turkish Airlines. Saboda haka kada ka yar da tsohon katin, lambar da ke jikinsa ita ce taka har yanzu.

Kamfanonin sukan ce rage sharar roba ce ta sa suka koma waya. Akwai wannan, amma ni a ganina kuɗin bugawa da na aikawa ta gidan waya ne ya fi damunsu, tunda matsayin mutum yana iya hawa ko sauka duk shekara, kowane canji kuma sabon kati. Ga shi in manhajarsu tana cikin wayarka, sun samu hanyar yi maka talla kullum ba su biya kowa ba.

Amma abin da ya kamata ya tayar maka da hankali ba shi ka tambaya ba. Wa ya buɗe maka asusun nan tun farko? Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ejan ɗin da ke yankar musu tikiti ne ya cika musu fom, ya sa imel ɗin ofishinsa da lambar wayarsa. A zamanin roba wannan bai dami kowa ba, kati na aljihunka, ka nuna ka wuce. Yanzu kuwa duk wanda ke riƙe da imel da lambar sirri shi ke da asusun. Kamar ka gina shago ne, kaya naka, amma makulli yana hannun maƙwabci. Ba ina zargin kowa ba, akasarin ejan mutanen kirki ne. Sai dai yaron ofis yana barin aiki, ofis yana rufewa, kuma da maki ana yankar tikiti da sunan wani daban.

Don haka ka zaunar da yaronka yau bayan la'asar. Ya sauko da manhajar kamfanin ta gaskiya daga Play Store ko App Store, ba ta hanyar wani saƙo da aka turo a WhatsApp ba. Ku shiga da lambar, ku duba imel da lambar wayar da ke ciki. In ba naka ba ne, ku canza su, ku sa sabuwar lambar sirri, ka rubuta ta a littafin da kake ajiye lissafin bashi. Ka kuma sa layin da kake amfani da shi kullum, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfanin waya yana karɓewa ya sayar wa wani. In tsarin ya ba ka zaɓi, ka ce a riƙa turo lambar tabbatarwa ta imel. Mutum yana Jidda ya cire layin gida ya sa na can, saƙon tes bai iso ba, ya tsaya yana gumi a gaban kanta.

Ku duba suna kuma. In fasfo ya ce Muhammad, asusu ya ce Mohammed, ko an juya sunan mahaifi ya zo farko, kwamfuta tana iya ƙin zuba makin tafiyar.

Batun mutuwar waya, wanda zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya jawo kafin ka kai Kano, sauƙi gare shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar ta shiga cikin tikitin tun lokacin yanka. In ta shiga, matsayinka yakan fito a jikin takardar shiga jirgi, ita ce kuma masu tsaron ƙofar zauren hutawa suka fi dubawa. Don ƙarin kariya, yaron ya ɗauki hoton katin daga fuskar wayar, ya buga maka a takarda a shagon kwamfuta, ka ninke cikin jakar fasfo.

In kamfaninka yana cikin Star Alliance, ƙawancen kamfanonin jiragen sama da aka kafa a 1997, lamba ɗaya ta ishe ka a duk jiragen ƙawancen. EgyptAir da Turkish sun shiga a 2008, Ethiopian a 2011, don haka mai lambar ShebaMiles yana iya ba da ita ko da jirgin Masar ya hau. Kada ka warwatsa maki a asusu uku, ko wanne bai kai ya sayi komai ba. Ka sani kuma maki yana da wa'adi, a tsare-tsare da dama wajen shekara uku ne, kuma manhajar tana nuna ranar ƙarewarsa, abin da roba ba ta taɓa yi maka ba.

TAMBAYA: Malam, na tashi zuwa Hajji daga filin jirgin Sultan Abubakar III, na ba da lambata, amma ban ga ko maki ɗaya ba. An cuce ni ne?
— Wata Hajiya daga Mabera

AMSA: Hajiya, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita. Ba a cuce ki ba. Jirgin alhazai na hukuma shata ne, an ɗauke shi dungurungum, kuma galibin tsare-tsaren ba sa ba da maki a kan jirgin shata. In za ki Umara da tikitin jirgin da ke zirga-zirgar yau da kullum, nan ne ake samu, ko da yake tikitin rukuni da mai rangwame sosai kan kawo kaɗan ko babu. Ki ajiye takardar shiga jirgin da lambar tikitin. In an kwana biyu da dawowa makin bai shiga ba, akwai wurin neman makin da ya ɓace a cikin manhajar, amma ki yi da wuri, 'yan watanni kawai ake bayarwa.