Idan Fulogi Ya Ƙi Ɗaurewa a Kan Inji

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce Hilux ɗin nan mai shan fetur da na bar maka, fulogi na uku sai juyawa yake yi a raminsa ba ya kamawa, kana tambaya ko ka naɗa masa siririyar waya ka shafa gam ka tura, kamar yadda ka ga wasu suna yi. Kada ka soma. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa.

Kan injin nan alminiyom ne, fulogi kuwa ƙarfe, kuma duk ranar da suka yi gardama alminiyom ne ke shan kashi. Ko dai wani ya saka fulogin a karkace ya danne da sifana, ko ya zura bututu a sifanar ya ɗaure kamar yana ɗaure taya, ko ya kwance shi inji na da zafi. Haƙoran ramin, waɗanda muke kira tiredi, ba riƙo kaɗai suke yi ba. Ta nan fulogi ke sauke zafinsa cikin kan inji, ta nan kuma wutarsa ke komawa jikin mota. Gam ba zai yi ko ɗaya ba. Mai motar zai ɗauki kaya ya kama hanya, can a tsakiyar daji inji ya tofar da fulogin, ya fasa koyil ɗin da ke ba shi wuta, sunan garejinmu ya ɓaci.

Fara da haska tocila cikin ramin, ka kuma dubi fulogin da ka cire. In haƙora biyu ko uku na sama ne kawai suka kwanta, abin share tiredi ya isa: ka shafa masa giris, ka bi da shi da hannu a hankali. Amma in ka ga alminiyom ya fito a naɗe jikin fulogin kamar zobe, to tiredin ya tafi, sai an yanka sabo mai faɗi an saka masa riga. Akwai ta waya mai kama da sifirin, wato Helicoil, akwai kuma ta ƙarfe dunƙule irin Time-Sert. Ni dai a ramin fulogi dunƙulen nake so, don wuri ne da za a yi ta kwancewa ana ɗaurewa, ta waya kuwa na sha ganin ta biyo fulogi ta fito.

Kaurin tiredin milimita 14 ne, tsakanin haƙori da haƙori 1.25. Wannan kowa ya sani. Tsawon ne mutane ke mantawa. Tsofaffin injina da yawa 19 ne, amma injin wannan Hilux, wato 2TR, fuloginsa dogo ne, 26.5. Auna, kada ka yi kintace. Rigar da ta gaza tana barin fulogi ba cikakken riƙo, wadda ta zarce kuwa bakinta yana leƙawa cikin silinda, ya yi jajir, ya riƙa kunna mai tun lokaci bai yi ba, har ya huda fistin.

Ga inda nake so ka natsu. Ana iya aikin ba tare da an sauke kan inji ba, amma sai inji ya huce sarai, kuma sai ka juya shi da hannu har duk bawul ɗin silindar sun rufe, fistin ya yi ƙasa. Ina saurayi na taɓa yin gaggawa ban duba ba, bakin tab, wato ƙarfen da ake yanka sabon tiredi da shi, ya daki bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Aikin awa guda ya zama na kwana uku, kuma daga aljihuna na biya. Har yau ina jin ƙarar a hannuna.

Cika ramukan tab ɗin da giris mai kauri, don ɓarɓashin alminiyom ya manne a jiki kada ya zuba ciki. Juya sau ɗaya ko biyu, ka dawo baya kaɗan. In ka ji ya soma nauyi, fito da shi gaba ɗaya, goge, sake shafawa, koma. Ko sau biyar ne, yi. Tab ɗin wannan aiki bakinsa siriri ne, yana bin tsohon ramin ya miƙar da kai, don haka kada ka danna shi gefe. Da hannu kawai, ban da injin hudawa. In ramin ya karkace ko kaɗan, wanshar fulogi ba za ta zauna daram ba, iska za ta riƙa tsiyaya, kuma babu sauran naman da za ka yanka karo na biyu.

Ka gama, naɗa tsumma mai tsabta a siririn sanda ka kwashe giris ɗin. Aro iska wurin mai faci ka hura ta dogon tiyo har ƙasan silinda. Sannan ka cire wayoyin koyil da na mai, ka ba motar kik na ɗan lokaci ramin na buɗe, ta watso abin da ya rage. Wanke tiredin ya bushe kafin ka saka riga, ka zaunar da ita da ƙarfen da ya zo tare da ita har bakinta ya daidaita da mazaunin fulogi.

In ka hango tsaga tsakanin ramin da mazaunin bawul, ko ka tarar wani ya riga ya saka riga ta fita, tsaya nan, wannan sai mun sauke kan mun kai wa masu injin yankan ƙarfe.

Sabon fulogi kuwa, sa kansa a guntun tiyo ka juya da yatsu har ya zauna, sannan sifana ta ƙara kamar rabin zagaye. Wanda aka taɓa ɗaurewa ɗan motsi kaɗan yake so, tunda wansharsa ta riga ta kwanta. Ka auna tsawon yau, ka nemo rigar, ka rufe ramin da tsumma saboda ƙura. Yankan kuma jira ni gobe da safe in Allah ya kai mu, kai za ka riƙe tab, ni ina tsaye a kanka.