Dokar iskar mithen da manomin shinkafa: amsoshin tambayoyinku

Wani mai turkar shanu daga Jigawa ya ji a rediyo an kafa doka kan iskar mithen, wata iska mai ƙara ɗumamar duniya, an kuma ce shanu na fitar da ita. Yana tambaya ko haraji za a ɗora wa masu kiwo.

Malam, kwantar da hankalinka. Ƙa'idojin da NUPRC, hukumar da ke sa ido kan haƙar mai da gas a Najeriya, ta fitar a 2022 kamfanonin haƙar mai da gas suka shafa: su riƙa binciken bututunsu suna toshe inda ke yoyo, su rage ƙona gas a banza. Sun biyo bayan alƙawarin da Najeriya ta shiga a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow a 2021, na rage mithen a duniya da kashi 30 cikin 100 zuwa 2030. Shanunka ba sa cikin waɗannan ƙa'idoji, ko da yake suna fitar da ita, galibi ta gyatsa. Idan kana da kashinsu ɗanye kullum da ruwa a kusa, ka dama su daidai wa daida a rufaffen tanki: iskar da za ta fito ta girki ce, ragowar kuma taki.

Tambayar da ta fi jan hankalina ta wani manomin shinkafa ce daga Kura. Ya ce kuɗin man injin ban-ruwa na cinye masa riba, amma yana tsoron barin fangali ya tsane.

Alhaji, shinkafa tana jure kwanciyar ruwa, amma ba dole ne ta kwana a cikinsa kullum ba. Ruwan da ya daɗe kwance yana hana iska shiga ƙasa, a nan ƙwayoyin da ke haifar da mithen suke samun sarari, musamman in an binne ɗanyen ƙaiƙayi da tattaka dab da dashe.

Ka yanki bututun roba mai faɗi, tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa, ka kafa wannan rabin a ƙasa, ka kwashe lakar ciki da hannu. Bayan mako biyu da dashe, ka bar ruwa ya janye. Kullum da safe ka leƙa. Saman fangali zai iya tsattsagewa, kada gabanka ya faɗi. Muddin kana hango ruwa a bututun, saiwa na sha. Sai ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa ka tada inji, ka cika ya kai santimita 5 a sama. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta nuna hakan na iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba.

Amma daga mako guda kafin fitar kai zuwa mako guda bayansa, kada ruwa ya yanke, in ba haka ba ka tara shefe. Idan ciyawa ta yi yawa, ka jinkirta janye ruwan har shinkafar ta rufe ƙasa. A ƙasa mai yashi kuwa, ka fara gwadawa a fangali ɗaya.