Akwatin neman kaya ba ya gane harsunan masu saye: ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Malam, ina da kanti a intanet inda nake sayar da tufafi, takalma, jakunkuna da ƙananan kayan lantarki, kuma da Turanci aka rubuta bayanin duk kayan. Masu saye kuwa suna neman kaya da Hausa, da Faransanci, da Larabci, wani lokaci har da Jamusanci, sai akwatin nema ya ce babu, alhali kayan suna nan. Mai kula mini da shafin ya ce a haɗa injin fassara da zai riƙa juya abin da mutum ya rubuta zuwa Turanci kafin a nema. Shin wannan ya wadatar?

Amsa: Malama, shawarar da aka ba ki za ta rage matsalar, amma ba a kanta ya kamata ki kafa aikin ba. Mai neman kaya kalma ɗaya ko biyu yake rubutawa, kuma injin fassara yana dogara ne ga jimla kafin ya gane ma'ana, har ma kafin ya gane harshen. Wanda ya rubuta robe, idan Bafaranshe ne rigar mata yake nufi, idan kuwa mai Turanci ne wataƙila rigar da ake sawa bayan wanka yake nema. Bajamushe idan ya rubuta Handy wayar salula yake so, injin kuwa zai iya ɗaukar kalmar a matsayin Turanci ya bar ta yadda take. Ga kuma jinkirin da ake samu da kuɗin da ake biya a kan kowane nema, tun da sai an aika rubutun waje an jira amsa. Abin da ya fi inganci shi ne a kai harsunan cikin bayanan kayan tun da farko, domin a can ne ake da lokacin dubawa da gyarawa.

Kafin a taɓa komai, ki sa a fitar miki da jerin abubuwan da mutane suka rubuta a akwatin cikin 'yan watannin nan, musamman waɗanda ba su samu sakamako ba. Wannan jerin ne zai nuna miki harsunan da suka cancanci wahalarki da ainihin kalmomin da masu saye suke amfani da su, waɗanda sau da yawa ba su ne na ƙamus ba. Idan shafin ba ya adana wannan bayani, to adana shi ne aikin farko.

Bayan haka sai a ba kowane kaya gurbi na musamman ga kowane harshe: suna da Hausa, suna da Faransanci, suna da Larabci, haka kuma rukunin kayan da launinsa da abin da aka yi shi da shi. Ana iya fassara dogon bayani da inji, amma sunayen kaya da na rukunoni sai mutum mai jin harshen ya duba su, domin su ne suka fi nauyi wajen nema. Sunan kamfani da lambar samfuri ba a fassara su, ba a kuma yanka su. A ajiye su a gurbinsu, a nemi daidaito harafi da harafi.

Dalilin raba guraben shi ne yadda injin nema yake aiki. Manhajoji irin su Elasticsearch da OpenSearch da Solr, waɗanda duk a kan Apache Lucene aka gina su, ba sa karanta bayanin kaya a lokacin da ake nema. Tun da farko suke yanka rubutu kalma-kalma, su daidaita kowace kalma, su gina fihirisa mai nuna kayan da kowace kalma ta fito a cikinsu, sannan su bi da rubutun mai nema ta wannan hanyar su kwatanta. Ƙa'idar yankawa da daidaitawar kuwa ta bambanta daga harshe zuwa harshe. A Larabci sai an cire wasula da alamar jan rubutu, an mayar da siffofin alif iri-iri zuwa siffa ɗaya, an kuma cire alif da lam na farkon kalma, in ba haka ba wanda ya rubuta kalma da hamza ba zai sami kayan da aka rubuta ba tare da ita ba. Jamusanci yana haɗe kalmomi, saboda haka mai neman Jacke (jaket) ba zai ga Lederjacke (jaket na fata) ba sai an koya wa injin raba ta gida biyu. Sinanci da Japananci ba sa barin fili tsakanin kalmomi, shi ya sa aka yi wa Japananci mayanki na musamman mai suna Kuromoji. Elasticsearch yana zuwa da shiryayyun ƙa'idoji na harsuna fiye da 30, ciki har da Larabci da Faransanci da Jamusanci, amma babu Hausa a cikinsu, don haka nata sai an gina da hannu.

A nan ne nake so ki fi mai da hankali. Mutane da yawa suna rubutu a waya ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, wasu su rubuta k kawai, wasu su sa alamar ɗauri (') kusa da ita. Masu shirya manhaja sukan ɗauka cewa dabarar da take cire alamar da ke kan é ta Faransanci za ta yi maganin wannan, alhali ba haka ba ne: a tsarin Unicode, wanda kwamfuta take bi wajen adana haruffa, ana iya raba é zuwa e da alamarta, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne harafi ne mai zaman kansa da ba ya rabuwa. Matatar Lucene mai suna asciifolding tana mayar da su k da d da b da y, kuma tana da zaɓin riƙe asalin kalmar tare da wadda aka sauƙaƙa. Ki sa a kunna wannan zaɓin, domin wanda ya rubuta "bakin takalmi" ya sami baƙin takalmi, wanda kuma ya rubuta daidai a sa masa abin da ya dace da rubutunsa a sama.

Sai batun jam'i, wanda a Hausa ba ya bin hanya ɗaya: riga da riguna, takalmi da takalma, jaka da jakunkuna, wando da wanduna. Yanke ƙarshen kalma kamar yadda ake yi wa Turanci ba zai haɗa waɗannan ba. Mafita ita ce jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da za a rubuta da hannu, a haɗa tilo da jam'i da siffar mallaka irin su rigar da takalmin, a ƙara da kalmomin aro da mutane suka saba da su. Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba, domin kalmomin da suka shafi kayan kanti ɗaya ba su da yawa, kuma jerin da kika fitar da farko zai nuna miki waɗanda za ki fara da su.

Game da yafe kuskuren rubutu, a yi hattara. A tsarin da Elasticsearch yake bi idan aka bar masa zaɓi, kalma mai haruffa 3 zuwa 5 ana yafe mata kuskure ɗaya, wadda ta fi haka ana yafe mata biyu. Gajerun kalmomi sun yi yawa a Hausa, don haka mai neman riga zai iya ganin raga a cikin sakamakonsa. Ya fi kyau a fara da neman daidai, sai idan ba a sami komai ba a sassauta.

Kada kuma ki dogara ga na'urar gane harshe. Ki ɗauki harshen da mutum ya zaɓa a shafin, ko wanda burauzarsa ta bayyana, a matsayin alama kawai: a nema a duk guraben lokaci ɗaya, a ƙara wa gurbin wancan harshen nauyi. Mutane suna gauraya harsuna a rubutu ɗaya, su kawo sunan kaya da Hausa, launinsa da Turanci, kuma wannan tsarin ne kaɗai yake karɓar su yadda suke. Rubutun Larabci shi ne ake iya ganewa da tabbaci daga haruffansa, sai a tabbatar akwatin da jerin shawarwarin da ke sauka a ƙarƙashinsa suna tafiya daga dama zuwa hagu.

Za ki ji ana maganar nema ta ma'ana, inda ake mayar da rubutu jerin lambobi ta yadda jimloli masu ma'ana ɗaya za su kusanci juna ko da harsunansu sun bambanta. LaBSE da Google ya fitar a 2020, wanda aka horar a kan harsuna 109, misali ne na irin wannan. Hanyar tana da amfani ga mai rubuta "abin da zan sa a ƙafa lokacin ruwan sama", amma tana rauni a kan lambar samfuri da girman kaya, ingancinta kuma yana raguwa a harsunan da rubutunsu bai yi yawa a intanet ba. Ra'ayina shi ne a ƙara ta daga baya a matsayin mataimakiya, a haɗa sakamakonta da na neman kalmomi.

Kafin a buɗe wa jama'a sabon tsarin, ki zaɓi nema kamar 50 daga kowane harshe cikin jerin nan naki, ki rubuta kayan da ya kamata su fito a sama ga kowanne, ki sa mai jin harshen ya tabbatar. Duk lokacin da aka sauya wata ƙa'ida ko aka ƙara kalma, a sake gwada su gaba ɗaya, domin gyaran da ya taimaki Faransanci yana iya ɓata Hausa ba tare da kowa ya lura ba. Ki kuma tuna wa mai kula da shafin cewa sauya ƙa'idar yanka kalmomi ba ya shafar kayan da aka riga aka shigar, sai an sake gina fihirisar daga farko.