Maniyyina ya tsinke, shi ya hana mu haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekararmu uku da aure, ko ɓatan wata maiɗakina ba ta taɓa yi ba. Ta je asibiti an ce lafiyarta ƙalau. Ni kuma na lura maniyyina yana tsinkewa kamar ruwa. Wani mai magani ya ce sanyi ne, na sha jarka biyu, shiru. Yanzu Hajiya ta matsa in ƙara aure. Ina mafita? Daga wani magidanci a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, Allah Ya kawo masu albarka. Amma ka ajiye jarkar nan tukuna.

Ba a gane mai haihuwa da kaurin maniyyi. Ƙwayoyin haihuwar da 'ya'yan maraina ke yi ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da kake gani ba. Sauran ruwa ne daga wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara da kuma furostet, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara. Kuma kowane lafiyayyen maniyyi yana fitowa da kauri, sannan ya tsinke cikin minti 15 zuwa 30 domin ƙwayoyin su samu tafiya. Wanda ya ƙi tsinkewa ma shi ne abin dubawa. Na sha ganin mai kauri kamar koko a sa shi a madubin likita a rasa ƙwaya ko ɗaya.

Wannan kalma ta "sanyi" kuwa ta ishe ni. Ciwon baya sanyi, saurin kawowa sanyi, rashin haihuwa sanyi! Mutum ya kafa lasifika a bayan mota a bakin kasuwa, bai taɓa leƙa madubi ba, amma daga jin bayani ya san me ya cinye maka maniyyi. Ciwon sanyi na gaske akwai shi, ƙwayar cuta ce da ake ɗauka wajen saduwa, kuma in aka bar ta tana iya toshe siririn bututun da ƙwayoyin ke bi. Lokacin da kake ɗirkar jiƙo, ita tana can tana aikinta. Wasu magungunan mazan kuma garin sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, ake zubawa a ciki ba awo, mai shan wasu magungunan zuciya in ya haɗa, jininsa na iya faɗuwa warwas. Mafi ban takaici su ne masu yin allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, a kemis: ƙarfi zai ƙaru, amma ƙwaƙwalwa sai ta daina aika wa maraina umarni, ƙwayoyin su yi ƙasa, wani lokaci su ƙare. Iya kwanciya daban, iya haihuwa daban.

Ka je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ka nemi likitan mafitsara, a yi gwajin maniyyi bayan hutun kwana 2 zuwa 7 ba tare da fitar da maniyyi ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya fara daga ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Za a duba kumburin jijiyoyin maraina, wanda ya fi zuwa a hagu, a tambaye ka ko ka yi hangum bayan balaga. In sakamakon bai yi kyau ba a maimaita bayan wata uku, don ƙwaya tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna.

Hajiya kuma ka lallaɓa ta, ka ce mata kai ma kana kan gwaji. Kusan rabin irin wannan matsala da hannun namiji a ciki, kuma amarya ba za ta buɗe bututun da ya toshe ba.