Kai baƙi yawon yini ɗaya daga Kano: kafin ka taɓa jarin shago

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya aiko da wannan tambaya: "Ina sayar da shadda da atamfa, kuma ina da mota ƙirar Sienna wadda ƙanena ke tuƙawa. Bayan ƙaramar Sallah wasu baƙi mutum 6 da suka zo biki daga Legas suka nemi a kai su Daura su ga rijiyar Kusugu. Na karɓi naira 70,000, mai ya ci kusan 40,000. Sun ji daɗi har sun turo mini wasu. Yanzu ina so in ciri kuɗi daga jarin shago in ƙara mota, in riƙa kai mutane yawon yini ɗaya duk inda suka zaɓa. Akwai riba a ciki?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Akwai riba a wannan sana'a, kuma na ji daɗin tambayar, domin mu Kanawa muna zaune a tsakiyar tarihi amma ba mu iya sayar da shi ba. Sai dai tafiyar Daura da ka ba da labari, faɗuwa ka yi, ba ka lura ba ne kawai. Bari mu zauna mu yi lissafin tare.

Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure, zuwa da dawowa da ɗan zagayen cikin gari, ya doshi kilomita 300. Man naira 40,000 da ka sha shi ne abin da idonka ya gani, saboda a gidan mai ka zaro kuɗin daga aljihu. Amma a wannan rana tayoyi sun ci, birki ya ci, lokacin juyen baƙin mai ya matso, na'urar sanyaya mota ta yi aiki tun safe har yamma. Waɗannan ba sa neman kuɗinsu ranar tafiya, sai bayan wata uku bakanike ya kira ka. Shawarata ga masu irin wannan mota ita ce su ware wa gyara aƙalla rabin abin da mai ya ci, wato 20,000 a nan. Ƙanenka kuma ya bar gida da asuba ya dawo da magariba. Ko ɗan'uwa ne, guminsa yana da farashi, mu sa masa 15,000 da abincinsa. Ga ruwan sha, ga ɗan abin da za a miƙa wa masu kula da rijiya da wanda ya ba da tarihi, mu ce 10,000. An kai 85,000 ke nan, tun kafin ka ciri ko kwabo da sunan riba. Ka ga naira 30,000 da ka ɗauka taka ce, bashi ne ka ci daga jikin motar.

Abin da ya jawo haka shi ne ka yanka farashi kamar direban tasha da aka ɗauka shata. Direban shata zai kai ka Daura, ya kashe mota a ƙarƙashin darbejiya ya yi barci har ka gama. Idan wannan kake sayarwa, kullum za a sami wanda zai yi ƙasa da kai, domin motoci sun cika gari. Abin da baƙinka suka sa wa albarka daban ne. Sun sami mutumin da suka amince da shi, wanda ya san hanya, ya san inda mata za su yi alwala su yi sallah cikin sutura, ya san wanda za a gaisar a ƙofar fada. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan ce hajarka, mota kuwa buhun da aka zubo ta ne. Don haka farashinka ya zama na yini guda, na mota sukutum, da abin da ke ciki a rubuce: awa nawa, wurare nawa, da abinci ko babu. Ka tara duk kuɗin da ka kashe, sannan ka ɗora ribarka a kai, kamar yadda kake yi wa bandir ɗin shadda.

Sai maganar "duk inda suka zaɓa". Nan ne nake jin tsoro. Baƙo bai san nisa ba. Zai ce a kai shi Daura da safe, a biya Katsina ya ga hasumiyar Gobarau, a dawo ta Tiga ya ga faɗuwar rana a kan ruwa, alhali Daura tana arewa, Tiga tana kudu. In ka amsa don kada ciniki ya wuce ka, dare zai yi maku a hanya, shi ya gaji, kai ka yi asara. Zaɓi yana da daɗi, kuma shi ke raba ka da motar haya, amma ka yi masa shinge. Ka tsara hanyoyi uku ko huɗu da ka sani kamar tafin hannunka, baƙo ya yi zaɓinsa a cikin kowace.

Ta arewa ka riga ka fara ta. Abin da zan ƙara shi ne ƙanenka ya iya labarin da bakinsa: macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, zuwan Bayajidda, auren sarauniya Daurama, da yadda aka ce Hausa Bakwai sun samo asali daga nan. Yaron da aka haifa a Legas ko Ingila, wannan labarin zai tafi da shi, ba sunan motar da ya hau ba.

Ta kudu ita ce na fi so, kuma ita ce ta fi sauƙin mai. Ka bi titin Zariya, ka tsaya a Kura, garin shinkafa da rini, inda rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke so ya samo sunansa na ɗan Kura. Ka wuce Kadawa lokacin rani, baƙo ya ga gonakin tumatir da alkama kore shar alhali ko'ina ya bushe. Daga nan ka kai shi ya ga inda ruwan ya fito, wato madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Wanda ya fara ganin gona sannan ya ga dam, ya fahimci abin da idonsa ya gani, ba hoto kawai ya ɗauka ba. Mai son tarihi sai a ƙara masa Rano da duwatsunta, ita ma ɗaya ce daga Hausa Bakwai. Ta gabas kuma akwai Wudil a bakin kogi, da Birnin Kudu inda mutanen zamanin da can suka yi zane a jikin duwatsu, da Dutse garin dabino.

Kada ka raina cikin birni. Rabin yini ya isa a hau Dala, a shiga Gidan Makama, a ga marinar Ƙofar Mata, a ratsa kasuwar Kurmi wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Man da za ka sha kaɗan ne, motar ba ta wahala, kuma za ka iya yin sahu biyu a rana. In aka yi lissafi da kyau, wannan gajeren zagayen zai iya fin doguwar tafiya riba.

Game da tsaro ba na sassautawa. A fita bayan sallar asuba, a shigo Kano kafin magariba, ko baƙo ya roƙa. Dajin Falgore yana da kyau, amma ka bar shi a gefe tukuna. Duk hanyar da za ka bi, musamman wajen Katsina, ka kira direbobin tasha da suka biyo ta a jiya ka ji labari, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hotunan baƙi kuma kada su hau Facebook ko WhatsApp sai an dawo gida, kuma da izininsu. Rana ɗaya mummuna ta isa ta rufe sana'ar, har ta taɓa sunanka a Kwari.

Takardu ma suna cikin tsaro. Inshorar da yawancinmu ke yankar wa motar gida ba a yi ta don ɗaukar fasinja da kuɗi ba, saboda haka ka je kamfanin inshora ka faɗa masu gaskiyar aikin da motar za ta yi. Lasisin direba da takardun mota su zama cikakku, kada jami'an KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano ko na kiyaye haɗurra su tsare ku awa guda baƙo yana kallo. Ka yi wa sana'ar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusun banki nata daban. Makarantu da ƙungiyoyi da yawa ba sa tura kuɗi asusun mutum, suna son rasit mai suna.

Yanzu ga ainihin tambayarka, mota ta biyu. Amsata ita ce a'a, ba yanzu ba, kuma ba da jarin shago ba. Wannan sana'a ta lokaci ce. Tana ci da Sallah, da hutun ƙarshen shekara, da lokacin bukukuwan aure, da ƙarshen damina sa'ad da karkara ke da kyan gani. Da azumi tana kwanciya, da zafin bazara ba mai son hawa dutse. Hawan Sallah na Kano ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2024, abin alfahari ne, amma kai ma shaida ne an sha dakatar da hawan a 'yan shekarun nan. Wanda ya sayi mota saboda baƙin Hawan Daushe zai iya wayar gari da mota ba baƙi. Shadda in ba ta fita yau ba za ta fita da Sallah, mota kuwa ko tana ajiye darajarta raguwa take. Kuma lokacin da yawon ke ci shi ne daidai lokacin da shagonka ya fi buƙatar kaya, ka ga za ka rage wa saniyar da ke ba ka nono abinci ke nan.

Ranar da baƙi suka fi ƙarfin mota ɗaya, ka ɗauko ta wani amintacce a kan kuɗin yini, ka duba lafiyarta da kanka, ka ɗora ribarka. Kuma kada ka zauna jiran Turawa, ba su da yawa a yanzu. Masu sayen hajarka suna kusa: baƙin biki, 'yan Kano mazauna Abuja da ƙasashen waje da ke son 'ya'yansu su san gida, makarantu masu zaman kansu, da abokan cinikinka na Nijar da Chadi da Kamaru waɗanda kan yi kwana biyu suna jiran a ɗaure masu kaya. Ka yi magana da masu otal da masu shirya biki, ka yanka masu kamasho a kan duk wanda suka turo.

Ka riƙa karɓar rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami kwana biyu kafin tafiya, ka kuma faɗa tun farko cewa wanda ya fasa a daren tafiya ba za a mayar masa da duka ba. Sannan ka sayi littafi guda na wannan aiki kaɗai. Kowace tafiya a rubuta lambar kilomita ta fita da ta dawowa, litar mai, abin da aka kashe a hanya, abin da aka karɓa, da wanda ya turo baƙon. In kun yi tafiya 20 da Siennar da ke hannu, ka turo mini shafukan, mu duba wace hanya ce ke kawo kuɗi da kuma sau nawa ka mayar da baƙi don rashin mota. A kan wannan adadin za mu yi maganar ta biyu.